Kaji sun yi wa akurki yawa: wace za a rage, wace za a bari?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka daɗe a harkar nan su taimaka min. Kajina sun kai 34, akurkin kuwa tsawonsa mita biyu da rabi ne, faɗinsa mita biyu. Da rana suna fitowa tsakar gida, amma siminti ce kuma ba ta da wani girma. Ga yadda suke: zakaru shida, wato babban ja guda ɗaya da 'ya'yansa biyar da suka fara koyon cara, manyan kajin Hausa tara, Noiler, wato kajin kamfani na nama da ƙwai, mata shida da na saya tun suna 'yan tsaki shekara biyu da suka wuce, 'yan mata bakwai da ba su fara ƙwai ba, sai 'yan tsaki shida da ke bin uwarsu. Yanzu kusan duk manyan matan bayansu ya fige, fata a waje. Da safe in na buɗe ƙofar akurkin, warin kashi har hawaye yake sa ni. Maigida ya ce kafin sanyi ya shigo a rage su. Na yarda a rage, amma in na tsaya a kansu sai in rasa wadda zan nuna. Ta ina ake farawa?

Ɗan Noiler: Wa alaikumus salam Anti. Abin ba wuya. Duk wadda ta haura shekara biyu ta tafi. A gidajen gona ana fitar da masu ƙwai suna da shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, saboda shekarar farko ce ta ƙwai sosai, daga nan kullum raguwa yake yi, abincin da suke ci kuma ba ya raguwa. Ki bar 'yan matan nan bakwai da zakara ɗaya, ki sayar da tsofaffin gaba ɗaya, ki huta.

Baba Mai Kaji: 'Yata, kada ki taɓa mace ko ɗaya tukuna. Fara da zakaru. Figewar bayan nan da kike gani ba cuta ba ce, barbara ce ta yi musu yawa. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, ke kuma kin tara shida a kan mata goma sha biyar. Wannan ya sauka wancan ya hau, kaza ba ta samun sukunin ci balle ta kwanta ta yi ƙwai. Samarin nan biyar ki fitar da su cikin makon nan. In kin yi haka, ki dubi garken bayan kwana goma, za ki ga kamar ba shi ba.

Shi kuma ɗana mai cewa a kwashe tsofaffi, lissafinka na gidan gona ne, kuma a can daidai ne. Amma mai gidan gona in ya fitar da kaji, mota yake jira ta kawo masa sababbin 'yan tsaki a kwali. Ita wannan baiwar Allah wa zai ƙyanƙyashe mata in ta sayar da iyaye?

Ɗan Noiler: Baba, Allah ya ƙara girma, ai 'yan matan za su fara ƙwai su yi kwanci.

Baba Mai Kaji: Za su yi, amma ba ka san halin ko ɗaya daga cikinsu ba. Kazar da ke kwancin farko sau da yawa takan tashi daga kan ƙwai kwana goma da farawa, ko ta ƙyanƙyashe ta tattake su. Uwar da ka riga ka gani da idonka ta zauna kwana 21 cur, ta fito da goma ta raya takwas, ba a musanya ta da wadda ba a gwada ba.

Malamin Dabbobi: Bari in fara da akurkin, don a san adadin da ake nema. Mita biyu da rabi sau biyu, murabba'in mita biyar ke nan. Manyan kaji uku zuwa huɗu ake so a kowane murabba'in mita, wato wurin nan na kaji 15 ne, in an matsa 20, tunda suna fita da rana. Hajiya, kusan rabi za ki rage. Warin da ke sa ki hawaye iskar da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi ce, kuma abin da ta yi wa idonki a minti ɗaya shi take yi wa maƙogwaronsu dare guda. Ita ke buɗe wa mura ƙofa.

Maigidanki kuma ya yi gaskiya a kan lokaci. Cutar nan ta Niyukasil, mai sa koren zawo da murɗewar wuya, da hunturu ta fi ɓarna a ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu. In ta shiga cunkushen akurki irin wannan, ba ta tambayar wace ce uwa ta gari, wace ce mai cin ƙwai. Gara ki zaɓa da hannunki yanzu.

Maman Khalifa: Na gode Likita, na gode Baba. Zakarun na fahimta. To matan fa? Noiler ɗin nan shida ƙwai biyu nake ɗauka a rana, wani lokaci ɗaya, kuma ban san masu yi ba. Dukkansu ƙatti ne, gwanin sha'awa.

Ɗan Noiler: Yauwa, a nan dai ba mai musa min. Anti, yi lissafi. Babbar Noiler tana cin wajen giram 120 a rana. Shida ke nan giram 720, buhu mai kilo 25 zai yi musu kwana 35. A kwanakin nan, in biyu kike ɗauka kullum, ƙwai 70 ke nan, kiret biyu da guda goma. Ki tambayi kuɗin buhun abinci a shagon unguwarku, ki tambayi kuɗin kiret biyu, ki gani da kanki. Kuma Noiler ba kasafai take kwanci ba, kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo don nama da ƙwai ya samar da ita. Wadda ta daina ƙwai a cikinsu ba abin da ya rage mata sai tukunya. Girman nan da kike sha'awa, kitse ne.

Uwar Biyu: Gaskiya ne wannan. Nawa da na yanka bara, cikin cike da kitse rawaya, ko alamar kwanson ƙwai babu.

Malamin Dabbobi: Gane mai yi da wadda ta daina ba sai an tsare su ana leƙe ba. Ki bari sai bayan isha'i sun kwanta, ki shiga da tocila, ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, da dare ba sa gardama. Ki tallabe ta a hannun hagu, kanta na kallon bayanki. Gefe da gefen duburarta akwai 'yan ƙasusuwa biyu masu tsini. Ki sa yatsunki tsakaninsu. In yatsu biyu ko uku sun shiga, kuma ƙasusuwan sirara ne suna ɗan lanƙwasa, tana yi. In ɗaya ne da ƙyar, ƙasusuwan sun yi kauri sun sandare, ta tsaya. Ki dubi duburar kanta: ta mai ƙwai tana da faɗi da laima, ta wadda ta daina a tsuke take, a bushe. Daga nan ki shafa cikinta tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da waɗancan ƙasusuwa, mai yi za ki ji laushi da wurin yatsu uku zuwa huɗu, mai kitse za ki ji tauri. Zankon mai ƙwai ja ne jawur, da ɗumi da santsi. Na ɗayar ya kwanta, ya koɗe, kamar an barbaɗa masa gari.

Akwai abin da ke ruɗar mutane. Kazar da ta fi kyan gani, gashi luf, ƙafa da baki rawaya shar, sau da yawa ita ce ba ta yin komai. Mai yi da gaske launin rawayan nan yana tafiya cikin kwaiduwa, sai ka ga ƙafarta ta yi fari-fari, gashinta ya tsufa. Mutane kuma sai su kama wannan su sayar, su bar mai kwalliya. Amma alamar ƙafa ba ta aiki ga kajinmu masu baƙar ƙafa.

Hajiya Babba: Likita, ka yi min haƙuri in sa baki. Awon yatsun nan in aka bi shi a kan kajin Hausa za a yi ɓarna. Kazar gida ba kullum take ƙwai ba. Za ta zuba goma ko sha biyu, ta kwanta mako uku, ta yi wata biyu tana jan 'ya'ya, sannan ta dawo. Sau uku a shekara, in ta yi ƙoƙari huɗu. Duk lokacin da take kwanci ko reno, in ka auna ta za ka same ta a tsuke, zanko a koɗe, ta rame. Wanda bai sani ba sai ya ce ta gama amfani, alhali a tsakiyar aikinta take.

Malamin Dabbobi: Hajiya, maganarki dutse. Awon na Noiler ɗin ne da sauran kajin gona. Ko su ma, in kaza tana zubar da gashi tana sake sabo takan tsaya da ƙwai na wasu makonni, don haka wadda aka yi shakka a ɗaura mata ƙyalle a ƙafa a sake dubawa bayan mako biyu. Kajin Hausa kuwa da tarihinsu ake yi musu hukunci, kuma wannan mai su ce kaɗai ta sani.

Hajiya Babba: To ƙanwata, zauna ki tuna su ɗaya-ɗaya. Wace ce ke tashi daga kan ƙwai ta bar shi ya huce? Wace ce ke fasa ƙwai ta sha? Mai shan ƙwai kada ki yi mata uzuri, ba ta dainawa, kuma sauran za su koya a wurinta. Wace ce in shirwa ta gilma take buɗe fiffike ta tara 'ya'yanta, wace ce ke rugawa ta bar su? Akwai kuma mai saran 'ya'yan wata. Duk mai kiwo ta san waɗannan halaye, sai dai in ba ta so ta faɗa wa kanta gaskiya.

Maman Khalifa: Hajiya, wallahi kamar kina gidan. Akwai baƙa ɗaya da na sha kamawa da kwaiduwa a baki. Akwai fara da sau biyu tana barin ƙwai. Amma ga inda abin ya fi min nauyi. A cikin taran akwai wata wake-wake, ta kai shekara biyar. Marigayiya mahaifiyata ce ta ba ni ita lokacin da na haihu, kuma kusan duk kajin Hausan gidan nan jikokinta ne. Yanzu ƙwanta bai wuce biyar ko shida a zubi ba. Maigida ya ce da ita za a fara tunda ita ce babba. Sannan biyu daga cikin taran ba nawa ba ne, na yara ne, kakarsu ta wajen uba ta ba su.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Amma 'yar uwa, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. In kika bar ta tsufa ya kashe ta, ko mushe ta yi cikin dare, an yi asarar naman ma. Ni a ganina ki yanka ta ki yi sadaka da niyyar ladan ya kai wa Mama, ya fi ki zuba mata ido.

Ɗan Maraɗi: Amin. Hajiya Maman Khalifa, tambaya ɗaya: har yanzu tana kwanci?

Maman Khalifa: Sosai ma. Ko ƙwan wata na sa mata sai ta zauna. 'Yan tsakin nan shida ita ke jan su yanzu, kuma huɗu ba nata ba ne.

Ɗan Maraɗi: To ai ba ta gama aiki ba. Mu nan irin wannan tsohuwar ita muke nema da damina. Zabuwa ba ta iya reno ba, sai mu kwashe ƙwanta mu sa wa kaza, kuma ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, kusan mako guda ke nan a kan na kaza. Ba kowace kaza ke da haƙurin wannan ƙarin ba, tsofaffin ne ke jurewa. Ke da kike da Noiler da ba sa kwanci, ga mai ƙyanƙyashe miki ƙwansu a gida ba tare da inji ba. In kin yanka ta, wace za ta yi miki wannan?

Ɗan Noiler: Ni dai abin da nake tsoro, in aka fara cewa wannan ta Mama ce, waccan ta yara ce, a ƙarshe ba wadda za ta fita. Haka ake yi har cuta ta zo ta share duka.

Baba Mai Kaji: Tsoronka yana kan hanya, ɗana, na ga gidajen da hakan ta faru. Amma wake-waken nan ko ba ta marigayiya ba ce, ni zan ce a bar ta. Shekara biyar ta yi a gidan, hunturu biyar ya wuce ta kanta tana tsaye. Irin da ya jure haka shi ake riƙewa. 'Yata, ki gaya wa maigidanki haka cikin ladabi, ki nuna masa 'yan tsakin da take ja. Ranar da kika ga ta daina kwanci, ko ta fara kasa hawa sanda, sai ki bi shawarar Uwar Biyu tun tana da lafiyarta.

Malam Na Zaure: Game da kajin yara, kada a yi wasa da shi. Abin da aka ba yaro kyauta ya zama nasa, ƙanƙantarsa ba ta sa ya koma na iyaye. In maslaha ta sa a sayar, a sanar da shi, kuɗin kuma a ajiye masa ko a saya masa wani abu da ya gani da idonsa. Da yawa daga cikinmu mun tashi da tabon kazar da aka ce tamu ce, muka dawo daga makaranta muka tarar an yi wa baƙo miya da ita. Kuma tunda kakarsu ce ta bayar, a gaya mata kafin ta ji a bakin jikoki.

Hajiya Babba: Malam ya faɗi abin da ke raina. Kuma ba dole sai sayarwa ko yanka ba. In kina da 'yan uwa a ƙauye, ki ba da kiwo. Ki kai musu 'yan mata biyu ko uku, abin da suka ƙyanƙyashe ku raba. Can akwai fili, ga gara, ga tsintar hatsi bayan girbi, ba mai sayen buhun abinci. Haka iyayenmu suka yi, har kaza ta zama akuya.

Maman Khalifa: Ina da ƙanwa a wajen Ɗambatta, za ta so haka. Wani abu kuma da ban faɗa ba: ɗaya daga cikin 'yan matan idonta ya kumbura tun shekaranjiya, tana minshari in dare ya yi. Na sa mata magani a ruwa.

Mai Shago: To ai da ita za ki fara. Ki wanke mata ido da ruwan ɗumi, ki haɗa ta da zakarun a kai kasuwa kafin abin ya fito sosai. A cikin taro ba mai lura.

Malam Na Zaure: Subhanallah. Ɗan uwa, ka janye wannan magana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji laima a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito. Mai sayen kazar nan wataƙila wata baiwar Allah ce da ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli don ta fara kiwo.

Mai Shago: Malam, kowa haka yake yi. Da zarar ciwo ya shigo unguwa, kasuwar kaji cika take. Ni ma an sha sayar min.

Malamin Dabbobi: Shi ya sa cutar ba ta ƙarewa. Kaza ɗaya mai mura in ta kwana a kejin dillali da wasu talatin, gobe ta rarrabu gida talatin. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye ta 2006, da ta fara ɓulla a jihar Kaduna kafin ta bazu, sun san yadda zirga-zirgar kaji masu rai ke yaɗa annoba. Hajiya, ki ware ta yau ɗin nan, nesa da akurki, da kaskon ruwanta daban, kuma ita za ki riƙa dubawa a ƙarshe, ki wanke hannu. Ba kasuwa, ba Ɗambatta. Tunda kin fara ba ta magani, ko yanka ta ba za a yi ba sai kwanakin da aka rubuta a jikin takardar maganin sun cika bayan an daina, don yana zama a nama. In ruwan maganin duka garken suka sha, to hukuncin ya hau kan zakarun da ƙwan da kike ɗauka. Kuma ki ba sauran mako guda kina kallo. In wasu sun fara, ko aka samu mutuwa farat ɗaya, ki dakatar da komai ki nemi ma'aikacin dabbobi mafi kusa.

Maman Khalifa: Ita kaɗai na ba, a wani kwano. Na fitar da ita yanzu, tana cikin kwando a bayan kicin.

Dillalin Kaji: Tunda an zo maganar kasuwa, bari mu da muke ciki mu ce wani abu. Zakaran Hausa ba ya kwantai, ko yaushe aka kawo shi akwai mai saye, masu suna, masu biki, masu jego. Kuɗi ya fi kyau gab da Sallah da kuma Disamba, lokacin da ake lodi zuwa Kudu saboda Kirsimeti. Wasu za su ce ki riƙe zakarun har Disamba. Ni ban ba ki wannan shawara ba. Abincin wata biyu zai cinye ribar, kuma in ciwo ya riga ki, kowa zai fito da nasa lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Tsofaffin Noiler kuma nauyinsu ke sayar da su, masu abinci suna son su don naman ba ya narkewa a miya. Kafin ki aika kasuwa, ki sanar a unguwa, maƙwabciya za ta ba ki abin da ya fi na dillali, ni da kaina nake faɗa. In kuma an kai Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi, ki ja wa ɗan aiken kunne: abin da aka fitar kada ya dawo akurki. In ba a yi ciniki ba, a yanka.

Uwar Biyu: Saura babban zakaran. Shi za a bari ko ɗaya daga cikin 'ya'yan?

Baba Mai Kaji: Ko ɗaya, in son samu ne. 'Yan matan nan bakwai 'ya'yansa ne, samarin kuma 'yan uwansu ne. In aka yi ta maimaita jini ɗaya, sai ka ga ƙwai yana yawan ƙin fashewa, 'yan tsaki suna fitowa ƙanana marasa ƙwari. Ta bar tsohon ya riƙe gidan zuwa lokacin da za ta samu wani daga nesa, gidan da ta yarda da lafiyar kajinsu, sannan a yi musanya. A zaɓi mai faɗin ƙirji, mai miƙaƙƙun ƙafafu, wanda in ya samu abinci yake kiran mata.

Malamin Dabbobi: Baƙon kuma ya yi mako biyu zuwa uku a ware kafin ya shiga cikinsu, a duba ƙarƙashin fiffikensa saboda ƙwarƙwata da ƙuma. Da ni ne, zan jinkirta musanyar har sanyi ya wuce.

Maman Khalifa: Salam. Na dawo da bayani. Na jira makon da Likita ya ce, ba wadda ta sake kamuwa, mai idon ma ta fara ci. Na shiga da tocila ni da Khalifa, shi yana haskawa. Noiler biyu ne kawai yatsu uku suka shiga, kuma su ne masu koɗaɗɗiyar ƙafa da nake ganin sun fi muni. Sauran huɗun na ɗaura musu ƙyalle, maƙwabta biyu sun riga sun yi magana. Samarin zakaru, biyu mun yanka, uku an sayar a layinmu. Cikin kajin Hausa, mai shan ƙwai da mai barin kwanci da wata mai saran 'yan tsaki za su tafi. Mai saran ta ƙaramar 'yata ce, na zaunar da ita na gaya mata, ta yi kuka, daga baya ta zaɓi ɗaya cikin 'yan matan a madadinta, kakarsu ma ta amince. 'Yan mata uku za su tafi Ɗambatta. Wake-wake tana nan, maigida ya ce a bar ta. In an gama, saura 19 har da 'yan tsaki da mai jinya.

Ɗan Noiler: Madalla Anti. Amma ki sani 19 ɗin nan ba za ta tsaya a 19 ba. Iyaye shida, kowace ta raya ko biyar-biyar a zubi ɗaya, talatin ke nan a kan abin da kike da shi.

Hajiya Babba: Yaron nan ya yi gaskiya a nan. Kada ki bar fiye da biyu su kwanta a lokaci guda. Sauran ki riƙa kwashe ƙwan kullum, ku ci ko ki sayar, ƙwan kazar Hausa ba ya rasa mai nema. 'Yan tsakin nan kuma da zarar kin gane mazan, ki sa a ranki na tukunya ne, kada su kai ga cara.

Malamin Dabbobi: Kafin na Ɗambatta su tafi, a yi wa duka rigakafin Niyukasil, ban da mai jinya, sai ta warke. Ki nemi Lasota, ko kuma I-2 ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ake ɗigawa a ido kuma ta fi jure zafi. Ki saya a inda ake ajiye ta cikin firiji, a sa miki ƙanƙara a leda har gida. In ta ruwan sha ce, kada ki haɗa da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ki hana su ruwa na awa ɗaya ko biyu da safe don su sha da sauri, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajinki, kuma ba a ajiye ta in an buɗe, don haka ki yi magana da maƙwabtan da ke da kaji ku sa rana ɗaya. Bayan wata uku a maimaita.

Maman Khalifa: Gida huɗu ne masu kaji a layinmu, zan zagaya su da yamma. Likita, 'yan tsakin satinsu uku, su ma a ɗiga musu?

Malamin Dabbobi: A ɗiga musu, ɗigo ɗaya a ido ɗaya, daidai da na manya. Ki riƙe kan har sai kin ga ɗigon ya shige kafin ki sake shi.